Babi na Biyar: Wata Goma

Wata goma ne kacal tsakanin ranar da Joanne Schieble ta haifi ɗanta na fari da ranar da aka ɗaura mata aure da uban yaron. Ta haihu ranar 24 ga Fabrairun 1955 a birnin San Faransisko. Aka ɗaura auren 'yan kwanaki bayan Kirsimetin shekarar, a wata majami'ar Katolika da ke garin Green Bay, can jihar Wisconsin ta Amurka. Da a ce yaron yana hannunta, da ranar bikin yana rarrafe tsakanin ƙafafun 'yan biki. To amma a ranar yana can Kalifoniya a gidan wani makaniki, an raɗa masa suna, an jingina shi ga gidan da ba na ubansa ba, takardu sun kammala. Ango da amarya sun sami juna bayan an raba su, ɗan da suka haifa kuwa ya riga ya fita daga hannunsu.

Yaron nan shi ne Steve Jobs, wanda ya kafa kamfanin Apple shi da abokinsa Steve Wozniak a 1976. Wataƙila wayar da ke aljihunka ta kamfaninsa ce, ko kuwa mai kwaikwayon tasa. An rubuta littattafai da yawa a kan basirarsa da zafin ransa, ba su zan maimaita ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutum biyun da suka haife shi, da yadda ya yafe wa ɗaya ya ƙi yafe wa ɗaya, alhali a idon duniya laifinsu guda ne.

Uban Balarabe ne Musulmi, Abdulfattah Jandali, haifaffen birnin Hims na ƙasar Siriya a 1931, auta a cikin 'ya'ya tara na wani attajiri. Ya yi karatu a Jami'ar Amurka da ke Berut, sannan ya haye zuwa Jami'ar Wisconsin neman digirin dakta a kimiyyar siyasa. A can ya haɗu da Joanne, ɗaliba, 'yar Katolika, wadda kakanninta suka fito daga Jamus da Suwizalan. Mahaifinta Arthur Schieble mai hali ne, yana da gonar kiwon wata dabba da ake ɗinka rigunan sanyi masu tsada da fatarta, ga wasu sana'o'in ban da wannan. Mutum ne mai tsauri a kan 'yarsa. Da ya ji wanda take so sai ya kafe, ya ce allambaran 'yarsa ba za ta auri Balarabe Musulmi ba, in kuwa ta yi, babu shi babu ita.

Wannan murya ba baƙuwa ba ce a kunnenka, mai karatu. Mun sha jin ta a zaurukanmu, sai dai wanda ake ƙi ne yake sauyawa: yau ɗan wata ƙabila, gobe ɗan mahauta, jibi wanda kakansa bawa ne. Uba ya rantse, uwa ta yi shiru, yarinya ta shiga ɗaki.

A hutun tsakiyar shekarar 1954 Abdulfattah ya ɗauki Joanne suka tafi Hims. Ta yi wata biyu a cikin danginsa, har ta koyi girkin mutanen Sham. Da suka koma Wisconsin sai ta tarar tana da ciki. Dukansu ba su wuce shekara 23 ba. Mahaifinta yana kwance ciwo ya ci jikinsa, amma bakinsa bai sauya ba.

Sai an san Amurkar wancan zamanin kafin a yanke wa Joanne hukunci. Yau muna kallon finafinansu muna zaton haka suke tun fil'azal, babu kunya babu tsoron bakin mutane. A shekarun 1950 kuwa, budurwa 'yar gidan mutunci da ta yi ciki ba aure, abin kunyar da ta jawo wa gidansu bai gaza wanda za ta jawo a Kano ko Damagaram ba. Zubar da ciki laifi ne a doka, ga ta kuma 'yar Katolika. Abin da aka saba yi shi ne a ɓatar da yarinya kafin ciki ya fito, a ce wa maƙwabta ta tafi jinyar wata gwaggonta a wani gari, a kai ta ɗaya daga gidajen da majami'u da ƙungiyoyin agaji suka tanada domin irinta. Ta haihu, a miƙo mata takarda ta sa hannu, a ɗauke jariri, ta koma gida a ce mata ta manta. Wata marubuciya, Ann Fessler, wadda ita ma bayar da ita aka yi tana jaririya, ta bi irin waɗannan mata tana ɗaukar labarinsu, ta fitar da littafi a 2006. Lissafin da ta kawo shi ne jarirai kimanin miliyan ɗaya da rabi aka bayar ga waɗanda ba dangi ba tsakanin 1945 da 1973. Matan sun tsufa lokacin da ta same su, kuma abin da suka yi ta gaya mata shi ne ba su manta ba. Ba Amurka kaɗai ta yi wannan ba. A watan Maris na 2013 firaministar Ostireliya, Julia Gillard, ta tsaya da sunan gwamnati ta nemi gafarar matan da aka raba da jariransu da ƙarfi a ƙasarta.

Doka kuma ta ƙara wa abin ƙulli. Da zarar kotu ta tabbatar da riƙo, sai a rufe takardar haihuwa ta asali, a buga sabuwa da sunan masu riƙo a gurbin uwa da uba, kamar su suka haifa. Uwa ba ta san inda ɗanta ya tafi ba, ɗa bai san sunan uwarsa ba, hukuma ta sani kuma ba za ta faɗa ba.

A farkon 1955 Joanne ta tafi San Faransisko wurin wani likita da ke ɓoye 'yan mata irinta, ya karɓi haihuwarsu, ya sama wa jariran gida. Abdulfattah ya ce daga baya ba da saninsa ta tafi ba. Sharaɗi guda ta gindaya: duk wanda zai karɓi ɗanta ya kasance ya gama jami'a. Abin da ya rage mata ta ba shi ke nan. Aka sami wani lauya da matarsa, magana ta zauna. Ranar da aka haihu aka ce namiji ne, sai suka ce su mace suke so. Cikin dare aka buga wa na bayansu a layi waya, aka tambaye su ko suna son yaro namiji, suka ce suna so.

Na bayan nan su ne Paul da Clara Jobs. Paul bai gama sakandare ba. Ya yi aikin tsaron gaɓar teku a yaƙin duniya na biyu, ya fito ya kama aikin ƙarfe da injina, yana sayen tsofaffin motoci ya gyara ya sayar. Clara 'yar baƙin Armeniya ce, akawu, ba ta gama jami'a ba. Sun yi aure tun 1946, ta taɓa yin ciki a bayan mahaifa, daga nan haihuwa ta tsaya mata. Da Joanne ta ji ko su wane ne, sai ta ƙi sa hannu. Jariri yana gidansu, takarda tana jiran hannunta, aka yi makonni a haka. Ba ta sakko ba sai da suka rubuta alkawarin za su tara kuɗi su kai yaron jami'a. Clara ta taɓa gaya wa budurwar Steve, bayan shekaru da yawa, cewa wata shidan farko tsoron son yaron take ji, kada ta saba da shi a zo a karɓe.

Ba maganar boko kaɗai ta sa Joanne jan ƙafa ba. Ta san mahaifinta ya kusa, ta kuma ƙudurta in ya rasu za ta auri Abdulfattah. A ranta tana lissafin in ta ja lokaci, wataƙila ɗanta ya dawo hannunta. Ka tsaya ka dubi wannan hali: yarinya tana zaune tsakanin gadon mutuwar ubanta da shimfiɗar jaririnta, samun ɗayan sai da rashin ɗayan. Lissafin bai fita ba. Arthur Schieble ya rasu a watan Agustan 1955, bayan magana ta riga ta ƙare. Ƙarshen Disamba aka ɗaura aure.

A labaran soyayya, nan ne ake rufe littafi. Mai hanawa ya kau, masoya sun haɗu, sai guɗa. Mu ma muna da wannan fata a al'adarmu, shi ya sa muke cewa da tsohuwar zuma ake magani, shi ya sa kuma in aure ya mutu dangi suke ta kai gwauro suna kai mari a yi kome, musamman in da 'ya'ya a tsakani. Na Joanne da Abdulfattah ba kome ba ne a shari'ance, tunda ba a taɓa ɗaura musu aure ba, amma zuciyar abin ɗaya ce: mutum biyu da aka raba sun sake samun dama. Abdulfattah ya kammala digirinsa a 1956. A watan Yunin 1957 suka haifi 'ya mace, suka sa mata Mona. A 1962 auren ya mutu. Shekara bakwai bai cika ba.

Mona ta tashi ba ta san tana da wa ba. Ba a faɗa mata tana ƙarama ba, ba a faɗa mata ta yi hankali ba, sai da ta haura shekara ashirin da biyar. Wato gidan da aka gina a Green Bay akwai wani ɗaki a cikinsa da aka kulle aka jefar da mabuɗi, mata da miji suna wucewa ta ƙofarsa kullum. A ganina duk wanda ke shirin komawa ga tsohon masoyi bayan irin wannan rashi ya kamata ya dubi wannan ɗaki da kyau. Aure yana iya mayar da miji ga mata. Yaron da aka bayar kuwa yana can yana girma a wani gida, yana kiran wata mace uwa, kuma duk ranar 24 ga Fabrairu su biyun sun san ranar mece ce.

Bayan rabuwar, Abdulfattah ya ɓace daga rayuwar 'yarsa tana 'yar shekara biyar. Ya koyar a jami'a na wani lokaci, daga baya ya bar koyarwa ya shiga harkar gidajen abinci. Joanne ta auri wani mai koyar da wasan zamiya a kan ƙanƙara, George Simpson, Mona ta ɗauki sunansa. Wannan auren ma bai daɗe ba. Uwa da 'ya suka tattara suka koma Los Anjeles, Joanne tana aikin gyara wa masu matsalar furuci magana. Mona Simpson ta girma ta zama marubuciyar ƙagaggun labarai da aka sani a Amurka, kuma littafinta na biyu, na 1992, a kan yarinya ce mai neman ubanta da ya ɓata.

Shi kuwa yaron da aka bayar, ya faɗa hannu nagari. Paul da Clara ba su ɓoye masa cewa riƙonsa suke yi ba. Ya ba da labarin wata rana yana ɗan shekara shida ko bakwai, yana zaune a ƙofar gida ya gaya wa wata yarinya 'yar maƙwabta, sai ta tambaye shi ko iyayensa na gaske ba sa son sa ke nan. Ya ruga cikin gida yana kuka. Su biyun suka zaunar da shi, suka dube shi ido cikin ido, suka gaya masa a hankali, kalma bayan kalma, cewa su zaɓen sa suka yi. Paul ya ware masa gefe a teburin aikinsa, ya koya masa cewa in za ka yi shinge ko kabad, bayan da ba mai gani ma sai ka gyara shi kamar gaban. Alkawarin jami'a kuma sun cika shi. A 1972 suka kai shi kwalejin Reed a jihar Oregon, makaranta mai tsadar gaske, abin da suka tara duk rayuwarsu yana tafiya a kuɗin makaranta. Bayan wata shida ya janye sunansa. Sharaɗin da uwa ta yi makonni tana kare shi da hawaye, wata shida ya yi a duniya. Shi da kansa ya ba da wannan labari a gaban ɗaliban Jami'ar Stanford a watan Yunin 2005.

Har ya mutu ba ya son a kira Paul da Clara iyayen riƙo. Cewa yake su ne iyayensa, ɗari bisa ɗari har da ƙari.

A nan ne al'adarmu ta rabu da tasu. Mu ma muna bayar da 'ya'ya, wataƙila ma fiye da su. Ɗan fari a kai shi yaye gidan kaka ya zarce, gwaggon da ba ta haihu ba a ba ta 'yar ɗan'uwanta, aminiya ta roƙi 'ya a ba ta. Amma ɗan riƙo a wurinmu ya san gidan ubansa, ana kai shi gaisuwar salla, ranar aurensa a nemi waliyyinsa na jini. Musulunci ya ƙarfafa riƙo da kula da maraya, ya hana a shafe nasaba. Labarin Zaidu ɗan Harisa sananne ne: mahaifinsa da baffansa suka zo Makka su fanshe shi, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi zama da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Aka yi ta kiran sa Zaidu ɗan Muhammadu har hukunci ya sauka a Suratul Ahzabi cewa a jingina kowane ɗa ga ubansa. An bar wa yaro son wanda ya rene shi, an kuma bar masa sunan wanda ya haife shi. Kada dai mu yi saurin yabon kanmu. Wannan tsari ɗan sunna yake karewa. Wanda aka haifa gaba da fatiha, a garuruwanmu ma sau da yawa a kwali ake tsintar sa a bakin masallaci ko bayan asibiti, babu takardar da za a rufe balle wata rana a buɗe. Joanne aƙalla ta tsaya ta yi ciniki a kan makomar ɗanta.

A farkon shekarun 1980, Steve ya yi kuɗi ya yi suna, ya sa aka fara nema masa uwarsa a ɓoye. Ya ga sunan likitan San Faransisko a takardar haihuwarsa, ya kira shi. Likita ya ce gobara ta cinye takardunsa. Ƙarya ya yi. Yana ajiye waya ya zauna ya rubuta wasiƙa, ya rufe, ya rubuta a bayanta cewa a kai wa Steve Jobs in ya mutu. Bai daɗe ba ya mutu, wasiƙa ta iso, ga sunan uwar a ciki. Steve ya gano inda take, amma bai neme ta ba. Yana gudun kada Clara ta ji ciwo. Sai da Clara ta rasu a 1986 da ciwon dajin huhu, sannan ya je ya nemi izinin Paul, Paul ya ce babu komai. Mutumin da ake ba da labarin rashin kunyarsa a ofis, yana zagin ma'aikata a gaban jama'a, ga shi ya yi kawaici irin na ɗan da ya sami tarbiyya.

Ya je ya same ta a Los Anjeles yana ɗan shekara 31. Ya ce abu biyu suka kai shi: ya ga ko tana lafiya, ya kuma gode mata da ba ta zubar da cikinsa ba. Ita kuwa kuka ta fashe da shi. Ta gaya masa matsa mata aka yi ta sa hannu, ta ce babu ranar da ba ta tuna shi ba, ta yi ta ba shi haƙuri tana maimaitawa. Shi ya koma yana lallashin ta. Ba a ranar abin ya ƙare ba. Shekaru bayan haka takan zo gidansa cin abincin Kirsimeti, ana zaune sai hawaye su ɓalle mata, ta sake neman gafara, shi kuma ya sake ce mata ta kwantar da hankalinta, ya tashi a gida mai kyau, bai lalace ba. Ya yafe tun ranar farko. Ita ce ba ta yafe wa kanta ba, kuma wannan ba a hannunsa yake ba.

A wannan haɗuwa ta gaya masa yana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Mona tana birnin New York a lokacin, tana aiki a wata mujallar adabi, tana fama da littafinta na farko. Aka gaya mata tana da wa, mai kuɗi ne, sananne ne, aka ƙi faɗin sunansa. Abokan aikinta suka shiga canki-canka, mafi yawansu suka tsaya a kan ɗan fim John Travolta. Da suka haɗu jininsu ya haɗu nan take. Suka zama aminai har ƙarshen ransa. In akwai ribar da auren Green Bay ya bari, to ita ce wannan.

Saura uba. Mona ce ta dage da neman sa, ta sa aka gano shi yana aiki a wani ƙaramin gidan abinci a Sacramento. Ta ce wa Steve su je tare, ya ƙi, ya kuma roƙe ta kada ta ambace shi. Ta tafi ita kaɗai. Suka zauna suna hira, uba yana ba 'yarsa labarin shekarun da ba ya nan. Cikin hira ya ce mata ai kafin ita sun haifi wani yaro, amma wannan ya tafi, ba za a sake ganin sa ba. Mona ta haɗiye maganarta. Can kuma, yana son ya nuna mata ya taɓa riƙe wurin da ya fi wannan, sai ya ce da ma ta gan shi lokacin da yake kula da wani gidan abinci kusa da San Jose, inda manyan masu harkar kwamfuta suke zuwa, har Steve Jobs ma yakan zo, mutum ne mai sakin hannu wajen tukwici.

Ta fito ta nemi wayar kan titi ta kira wanta. Steve ya tuna wurin, ya tuna manajan, Basiriye mai sanƙo, ya tuna sun yi musabaha. Ɗa ya ci abinci a teburin ubansa, ya ba shi hannu, ya bar tukwici, kowa ya kama gabansa.

Duk da haka bai je ba. Dalilin da ya bayar shi ne abin da ya sa na rubuta wannan babi. Ya ce shi ba ya riƙe da mutumin a kan abin da ya shafe shi, tunda ga shi a raye. Abin da ya ƙi yafewa shi ne yadda ya watsar da Mona. Ya kuma ce bai amince da shi ba, yana tsoron ya kai maganar ga 'yan jarida ko ya nemi kuɗi. Ka ga a wurinsa bayar da jariri a 1955 uzuri ne na yara biyu da aka matse. Tafiyar 1962 kuwa ta magidanci ce mai digirin dakta, babu surukin da ya kore shi, babu dokar da ta rufe masa takarda, ya san sunan 'yarsa ya san fuskarta. Damar da aka sake ba shi, ita ya zubar, kuma a kanta ɗansa ya kama shi.

Sai dai mai wannan hukunci shi ma hannunsa da jini. A watan Mayun 1978 budurwarsa Chrisann Brennan ta haifa masa 'ya, Lisa. Shekararsa 23, daidai shekarun ubansa lokacin da aka haife shi. Ya ce ba tasa ba ce. Uwa da 'ya suka koma cin tallafin gwamnati, har hukumar yankin ta kai shi kotu. Gwajin jini ya nuna kashi 94 cikin ɗari shi ne uban. Aka yanka masa dala 385 a wata, ana saura kaɗan Apple ya fara sayar da hannun jarinsa a Disambar 1980, cinikin da ya mayar da shi mai dukiyar fiye da dala miliyan 200. Ya sa wa wata kwamfuta suna Lisa, ya yi shekaru yana musun cewa sunan 'yarsa ne. Wani zai ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ban yarda jini ne ba, domin uban da ya rene shi bai taɓa guje wa ɗa ba, kuma a gabansa ya tashi. Son kai ne na saurayin da yake ganin jaririya za ta tare masa hanya.

Bambancinsa da Abdulfattah shi ne ya dawo. A hankali ya fara zuwa, Mona tana tura shi. Ranar da ta dawo daga Sacramento suka haɗu a wani gidan shayi a Berkeley domin ta ba shi labari, da Lisa ya zo. Daga baya yarinyar ta koma gidansa da zama tana sakandare, ta ɗauki sunansa a kan na uwarta. Zaman bai yi daɗi kullum ba. Littafin da Lisa ta fitar a 2018 cike yake da maganganunsa masu ciwo da rowar da ya yi mata. Amma a ciki ta ba da labarin yadda, yana kwance ciwon ajali, ya yi kuka ya ba ta haƙuri, yana ta maimaita cewa tana bin sa bashi. Abin da uwarsa ta yi masa a Los Anjeles, shi ya yi wa 'yarsa bayan shekara ashirin da biyar.

Abdulfattah ya san ko wane ne ɗansa wajen tsakiyar shekarun 2000. Ya ce yakan aika masa gajeren saƙon imel, na murnar ranar haihuwa ko na fatan samun sauƙi. A watan Agustan 2011, Steve ya sauka daga shugabancin Apple saboda ciwon daji, duniya ta gane abin ya zo. 'Yan jarida suka sami tsohon, yana da shekara 80, yana shugabantar wani gidan caca kusa da Reno a jihar Nevada. Ya ce yana nadama. Ya ce ko shan gahawa sau ɗaya da ɗansa zai faranta masa rai. Sannan ya ce shi ba zai ɗaga waya ya kira ba, domin alfaharinsa na mutumin Siriya ba zai bar shi a yi zaton dukiya yake nema ba, sai dai Steve ya kira.

Na fahimci tsoronsa, kuma ba na wanke Steve. Mutumin da ya san zafin neman gafara a wurin 'yarsa ya kamata ya sassauta wa tsoho ɗan shekara 80, ko don ya sauke nauyin zumunci. Amma in za a raba laifi, kason uban ya fi. Shi ya tafi, shi ya kamata ya dawo. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ɗan cikinka da yake kan gargara. Muna da irinsa da yawa a cikinmu, dattawan da suka saki uwa suka manta da 'ya'ya, sai yaro ya zama wani abu su zauna a zaure suna jiran ya zo gaisuwa, suna cewa ai uba ba ya ba ɗa haƙuri. Joanne ba ta tsaya wannan lissafi ba. An matsa mata, tana da uzurin da ya fi nasa, amma ta buɗe baki ta ce ta yi laifi, ta sami ɗanta shekara ashirin da biyar, ta ga jikokinta. Shi ya tsaya kare mutuncinsa, ya gaya wa jarida abin da ya kamata ya gaya wa ɗansa.

Steve Jobs ya rasu ranar 5 ga Oktoban 2011 a gidansa da ke Palo Alto, yana da shekara 56. Matarsa Laurene da 'ya'yansa suna gefensa, da Patty wadda Paul da Clara suka riƙa bayansa, da Mona. Abdulfattah yana can Reno, tafiyar da ba ta fi daga Kano zuwa Abuja ba.